Yadda kuɗin jakunkunan fata suka maƙale tsakanin asusun intanet da banki a Maraɗi

Wannan nazari ya shafi ciniki guda ɗaya da aka yi tsakanin wani gidan dukanci a Maraɗi da wata mai kantin kayan hannu a Faransa, da kuma hanyar da kuɗin cinikin, yuro 1,200, suka bi kafin su fito daga asusun biyan kuɗi na intanet su zama sefa a hannun masu su. Kaya sun isa lafiya, mai saye ta biya a ranar da ta yi alkawari, kuma babu wanda ya yi niyyar cutar wani a cikin duk waɗanda abin ya shafa, amma sai da aka shafe kusan wata biyu kafin baduku ya iya biyan majemin da ya ba shi fata bashi. An sakaya sunayen mutanen da na kamfanonin da na bankin, domin abin da ya faru yana iya faruwa ga duk wanda ya bi irin wannan hanya.

Mai gidan dukancin dattijo ne da ya gaji sana'ar, kuma da fatar jar akuyar Maraɗi yake aiki, wadda sunanta ya daɗe da zagawa saboda laushinta da ƙarkonta. Ɗan ƙanwarsa, wanda ya gama karatu a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo bai samu aikin albashi ba, shi ne yake ɗaukar hotunan kayan yana sa su a Facebook da Instagram, kuma ta nan ne Bafaranshiyar ta gan su ta nemi a yi mata jakunkunan rataya da alabe. An yi ciniki da yuro. Da yake tun 1999 aka ɗaure sefa da yuro a kan 655.957 ga kowane yuro ɗaya, lissafin bai ba kowa wahala ba: yuro 1,200 sun kama sefa 787,148. Wannan adadi ne matashin ya faɗa wa kawunsa, kuma a kansa dattijon ya karɓi fata bashi, ya ƙara ɗaukar masu ɗinki biyu da alkawarin zai sallame su da zarar kaya sun tashi.

Tushen matsalar ya girmi cinikin da kusan shekara biyu. A wancan lokaci ne matashin ya buɗe asusun a wani shagon da ake shiga intanet, ba don ciniki ba, don biyan kuɗin wani darasi kawai. A jerin ƙasashe, Nijar da Najeriya suna maƙwabtaka kamar yadda suke a ƙasa, ɗaya na bin ɗaya, kuma wanda ya taimaka masa ya ba shi shawarar ya zaɓi Najeriya, a cewarsa asusun can ya fi samun dama. Shawarar ba ta yi masa nauyi ba, domin yana da layin waya mai farawa da +234 wanda yake amfani da shi idan ya ƙetara Ɗan Isa zuwa Jibiya ko Katsina, kamar dubban mutanen Maraɗi. Ya sa adireshin wani abokinsa na Katsina, ya rubuta sunansa yadda ya saba rubutawa a Facebook, asusu ya buɗe, ya biya kuɗin darasinsa, ya manta da zancen.

Da kuɗin cinikin suka shigo ya je shafin cirewa, sai ya tarar ba a ba shi zaɓin kowane banki ba sai na Najeriya, kuma gurbin lambar asusu lamba 10 kawai yake karɓa, wato tsarin NUBAN da bankunan Najeriya suke bi. Takardar RIB, wato ta bayanin asusu, da bankinsa na Maraɗi ya ba shi kuwa tana ɗauke da haruffa da lambobi 24: biyar na banki, biyar na reshe, goma sha biyu na asusu, biyu na mabuɗi. Babu yadda za a cusa wannan a cikin wancan. Ya nemi inda zai canza ƙasa bai samu ba, kuma da ya rubuta wa kamfanin sai aka amsa masa cewa ƙasar da aka buɗe asusu da ita ba ta canzawa.

Wannan amsa takan yi wa mutane kama da taurin kai, amma tana da dalili. Kamfanin biyan kuɗi yana aiki ne da lasisi da yarjejeniyoyi ƙasa-ƙasa, kuma abin da aka halatta masa a wata ƙasa ba lalle ne a halatta masa a maƙwabciyarta ba. Akwai ƙasashen da mai asusu zai iya biya da karɓa da cirewa, akwai waɗanda biya kawai zai iya yi. Ƙasar da mutum ya zaɓa a ranar farko ita ce take yanke dokar da za a yi masa aiki da ita, da irin takardun da za a nema, da bankunan da za a iya tura masa kuɗi. Nijar tana cikin ƙasashe takwas na ƙungiyar UEMOA masu amfani da sefa da babban banki ɗaya, BCEAO, kuma ficewarta daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO (ECOWAS), a watan Janairun 2025 ba ta canza wannan ba. Najeriya kuwa tana da nata babban banki da nata kuɗi. Tafiyar da mota take yi daga Maraɗi zuwa Katsina cikin ƴan sa'o'i, a idon na'urar kamfanin ƙetare tsarin kuɗi biyu ne da ba su haɗa komai ba.

Mataki na gaba da matashin ya ɗauka shi ne ya tsananta lamarin, ko da yake duk wanda ya san kasuwancin Maraɗi zai gane abin da ya kai shi. Ya sa asusun bankin abokinsa na Katsina, da nufin idan naira ta sauka abokin ya ba wani ɗan canji, shi kuma ya karɓi sefa a Maraɗi. Haka fatake suke yi tun kaka da kakanni, a ba da kuɗi a Kano a karɓa a Maraɗi bisa amana da sanayya, ba tare da takarda ba. Amma sharaɗin da kusan duk kamfanonin nan suka yi tarayya a kai shi ne sunan mai asusun banki ya zama shi ne sunan mai asusun intanet. Na'ura ta ga suna biyu mabambanta, ta ga kuma asusun da ya daɗe a kwance ya karɓi kuɗi masu kauri daga Turai ana neman fitar da su nan take zuwa hannun wani, alhali ana shiga asusun daga wata ƙasa daban da wadda aka rubuta. Waɗannan su ne ainihin alamomin da ake neman ɓarayin asusu da masu halatta kuɗin haram da su. Aka soke cirewar, aka taƙaita asusun, aka nemi katin shaida da hujjar wurin zama.

A nan ne nake ganin ya kamata a dakata a duba da kyau, domin takardun da aka nema sun fito da saɓani uku, kuma biyu daga ciki ba laifin matashin ba ne, yanayin takardunmu ne. Na farko shi ne rubutun suna. Katin ɗan ƙasa na Nijar yana bin rubutun Faransanci, inda Musa yake zama Moussa, Usman ya zama Ousmane, Abubakar ya zama Aboubacar ko Boubacar, sannan sunan da yake biye sunan uba ne, wani lokaci har da na kaka, ba sunan dangi irin na Turawa ba. Matashin ya rubuta sunansa da rubutun Hausa, ya kuma bar sunan kakansa da yake kan kati. Ga ɗan Maraɗi mutum ɗaya ne, ga na'ura kuwa mutum biyu ne. Na biyu shi ne ranar haihuwa. Kamar mutane da yawa da aka yi wa takardar haihuwa daga baya ta hukuncin kotu, katinsa yana nuna 1 ga Janairu, shi kuwa a asusun ya sa ranar da mahaifiyarsa ta faɗa masa. Na uku, wanda shi ne nasa, adireshin Katsina ne, wanda ba shi da wata takarda da za ta tabbatar da shi. Ko adireshinsa na gaskiya ma sai da ya yi wahala, domin takardar wutar NIGELEC ta gidansu da sunan mahaifinsa take zuwa, sai da ya nemo takardar shaidar zama daga hukuma.

Ana cikin haka wani da ya sani a WhatsApp ya yi masa tayin sayen kuɗin da suke cikin asusun, ya biya shi sefa ta waya, a kan ya bar masa kashi ɗaya cikin biyar kuma ya ba shi lambobin sirrin asusun ya san yadda zai yi. Matashin ya kai maganar gaban kawunsa, domin majemi ya fara aike. Dattijon, wanda bai taɓa riƙe asusun intanet ba, ya ce masa: "Ɗana, wanda zai karɓi mabuɗin ɗakinka kafin ya biya ka, ba ciniki ya zo yi ba." Matashin ya ce: "Kawu, mutane na jiran haƙƙinsu." Dattijon ya ce shi zai je ya ba su haƙuri da bakinsa. A ganina wannan ce shawara mafi amfani da aka yanke a duk tsawon lamarin. Wanda ya miƙa lambobin sirrinsa ya miƙa sunansa ne, kuma duk abin da aka aikata da asusun daga baya shi za a nema. Ban da haka, wasu kamfanoni sun rubuta a sharuɗɗansu cewa suna iya riƙe kuɗin asusun da suka rufe har kwana 180, kuma shigar baƙon hannu cikin asusun da ake bincike a kansa hanya ce ta kai tsaye zuwa wannan hukunci.

Mafitar ta zo ne ta hanyar faɗin gaskiya. Matashin ya aika da katinsa na Nijar, ya bayyana yadda aka buɗe asusun, ya haɗa da hotunan hirar ciniki da takardar aika kaya, ya roƙi a mayar wa mai saye kuɗinta. Kamfanin ya amince da mayarwar, ya rufe asusun. Sai da ya rubuta wa Bafaranshiyar ya yi mata bayanin komai, abin da ba shi da daɗi ga mai sana'ar da yake neman a ɗauke shi da muhimmanci, kuma an yi sa'a ta fahimta, ta ma haƙura da ladar da kamfanin farko ya riga ya cira. Da ta kasance mai ƙaramin imani, kaya suna hannunta kuma kuɗi sun koma mata, babu abin da zai tilasta mata ta sake biya sai mutuncinta.

A zagaye na biyu ya fara da banki kafin intanet. Ya je reshen bankinsa ya tambayi ma'aikaciyar da take kula da asusunsa ko asusun ajiya irin nasa yana karɓar kuɗi daga ƙasar waje, da abin da za su cira, da takardun da za su nema. Ta buga masa sabuwar takardar RIB mai ɗauke da lambar IBAN, wato lambar asusu ta ƙasa da ƙasa, wadda a Nijar take farawa da NE kuma take da haruffa da lambobi 28, tare da lambar SWIFT, wadda ake gane bankin da ita a ƙasashen waje. Ta nuna masa cewa lambar SWIFT takan zama haruffa 8 ko 11, kuma harafi na biyar da na shida su ne ƙasa, NE ga Nijar, NG ga Najeriya, don haka da ido ma mutum yana iya gane ko an ba shi ta ƙasar da ba tasa ba. Ta ce masa: "Malam, sunanka ka kwafe shi daga wannan takarda harafi-harafi, ko da kana ganin mun rubuta shi ba daidai ba." Bayan haka ne ya nemi kamfanin da ya rubuta ƙarara cewa yana tura kuɗi zuwa bankunan Nijar, ya buɗe asusu da lambarsa ta +227, ya kammala tantance kansa, ya haɗa asusun bankin aka amince da shi, sannan ya ba mai saye izinin ta biya.

Da aka zo cirewa, shafin ya ba shi zaɓin a tura da dalar Amurka ko da yuro, kuma dala ce aka riga aka zaɓa masa. Da ya bar ta haka, da an juya yuro zuwa dala a farashin kamfanin, sannan bankinsa ya juya dala zuwa sefa a nasa farashin, kowane juyi da ribar mai juyawa a ɓoye cikinsa. Yuro kuwa farashinsa da sefa a ɗaure yake, don haka duk abin da aka cira dole ya fito fili a matsayin lada, ana iya ganinsa a ƙirga. Wannan gata ne da ɗan kasuwar yankin sefa yake da shi a kan takwaransa na Katsina, wanda tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023 yake kwana da lissafi ɗaya ya tashi da wani. Akwai kuma tarkon da ya kauce masa, wato alamar XAF, wadda ta sefar Afirka ta Tsakiya ce irin ta Kamaru da Chadi. Tamu XOF ce. Darajarsu ɗaya a kan yuro, amma babban bankinsu daban.

Kamfanin ya nuna cewa kuɗi sun tashi, kuma za su isa cikin kwanakin aiki uku zuwa biyar. Mako ya cika ba su bayyana ba. A gishe aka duba aka ce masa babu abin da ya shigo, kuma mai gishen gaskiya ya faɗa, domin allonsa abin da aka riga aka zuba a asusu kawai yake nunawa. Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne SWIFT, wadda hedikwatarta take Beljiyam, saƙo take ɗauka, ba kuɗi ba. Kuɗin kansu suna motsi ne tsakanin asusun da bankuna suke riƙe wa juna, kuma bankin Nijar yakan karɓi yuro ta hannun wani banki wakilinsa a Turai. Idan bankin kamfanin ba shi da hulɗa kai tsaye da wannan wakili, sai wani na uku ya shiga tsakani, kowanne da binciken da zai yi da ladar da zai iya cirewa. Asabar da Lahadi ba sa cikin lissafi, haka ma ranakun hutun Turai da namu, waɗanda ba sa faɗuwa rana ɗaya.

Ma'aikaciyar ce ta gaya masa abin da zai nema daga kamfanin: takardar shaidar turawa da ma'aikatan banki suka saba kira MT103, mai ɗauke da lambar bin sawu ta UETR. Da ya kawo ta, aka aika da ita hedikwatar bankin a Yamai, sai ga shi kuɗin sun kwana huɗu a sashen hulɗa da ƙasashen waje suna jiran hujja. Dokar canjin kuɗi ta UEMOA ta 2010, wadda aka sabunta a ƙarshen 2024, ta sa duk kuɗin kayan da aka fitar waje su dawo ta hannun bankunan da aka amince da su, kuma banki yana da alhakin sanin dalilin shigowar kuɗi ya bayar da rahoto. Akwai kuma dokokin yaƙi da halatta kuɗin haram, waɗanda hukumar CENTIF take karɓar rahotannin abin da ake zargi a ƙarƙashinsu. Abin da ya ƙara jawo tambaya shi ne sunan mai turowa a saƙon sunan kamfanin intanet ne, ba na matar da ta sayi kaya ba, don haka sai da aka haɗa takardu uku kafin zaren ya ƙullu: faktir, wato takardar kaya da farashi, mai sunan matar, da takardar aika kaya, da bayanin asusun intanet da yake nuna ita ce ta biya. Neman hujjar daidai ne, kuma ban ga abin zargi a cikinsa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar kuɗin mutum suna kwance a Yamai ba tare da an kira shi ko an aika masa saƙo ba, alhali lambar wayarsa tana cikin takardunsa, har sai shi ya bi sawu.

Kwana biyu bayan miƙa takardun kuɗin suka sauka, kuma ga yadda lissafin ya kasance a wannan ciniki, ba wai farashin kowane kamfani ko banki ke nan ba. Daga yuro 1,200, kamfanin ya cire 36 a matsayin ladar karɓa da turawa, 1,164 suka tashi. Bankin da ya shiga tsakani ya cire 20, saboda an tura kuɗin ne da tsarin da ake raba lada tsakanin mai turawa da mai karɓa, don haka 1,144 suka iso, wato sefa 750,415. Bankin Maraɗi ya cire ladarsa da harajin da yake kanta, kusan jika tara, wato sefa 9,000. Abin da ya rage ya ɗan haura sefa 741,000, ƙasa da abin da aka faɗa wa dattijon da kusan jika arba'in da shida, kimanin kashi 6 cikin 100. Ga babban ɗan kasuwa wannan ba komai ba ne, amma a gidan dukanci ladar mai ɗinki ce ta makonni. Kuma da yake wani ɓangare na ladar tsayayye ne, ba ya duba yawan kuɗi, da cinikin na yuro 100 ne da yuro 20 na bankin tsakiya kaɗai sun cinye kashi ɗaya cikin biyar.

Dattijon bai yarda kuɗin su kwana a banki ba, ya sa aka ciro su gaba ɗaya washegari. Ba za a ga laifinsa ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin da CEDEAO da UEMOA suka ƙaƙaba wa Nijar ya sa tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, bankuna suka ƙayyade abin da mutum zai iya cira, kuma ba a ɗage takunkumin ba sai 24 ga Fabrairun 2024. Mutanen Maraɗi, waɗanda rufe iyaka ya fi kowa taɓawa, ba su manta layin da suka yi a ƙofar bankuna ba. Ya biya majemi, ya sallami masu ɗinki, ɗaya daga cikinsu kuwa ya riga ya koma wani gidan saboda jiran ya yi masa tsawo, kuma wannan asara ce da ba ta fito a cikin lissafin lada ba.

Da Bafaranshiyar ta sake yin oda bayan wata uku, matashin ya sa ladar hanya a cikin farashi tun farko, ya nemi rabin kuɗin kafin a yanka fata, ya kuma kai faktir banki tun ranar da ya danna cirewa, kuɗin suka sauka cikin mako guda. A wannan karon ma'aikaciyar bankin ta sanar da shi cewa asusun ajiya na mutum ɗaya ba zai ci gaba da karɓar kuɗin ciniki daga waje a kai a kai ba, sai ya yi rajistar kasuwanci ta RCCM, ya karɓi lambar haraji ta NIF, ya buɗe asusun sana'a. Wannan ya tayar da wata tambaya a cikin gida da har yanzu ba a gama warware ta ba, wato da sunan wa za a yi rajistar, da na dattijon da sana'ar take tasa amma ba ya karatun boko, ko da na ɗan ƙanwarsa wanda asusun intanet yake ɗauke da sunansa, tunda sunan da yake kan rajista da na banki da na intanet dole su zama ɗaya.